Sunan Kaka a Takardar Haraji

A gidan burodinmu da ke Gwange tanda ɗaya ce, ta bulo da laka, bakinta kamar ƙofar kurkuku. In aka cika ta da itace aka hura, zafinta kan kori ƙadangarun unguwa har bakin kogi. Ni dai na taɓa tsayawa taku biyar daga bakinta na ji gashin girata yana ƙauri. Amma kakana, mahaifin Mama, sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa ciki har kafaɗa, ya lumshe ido, ya yi shiru kamar mai sauraron sallama daga nesa. Sannan ya zaro hannun ya ce a ƙara itace biyu, ko ya ce a dakata, ko ya ɗaga yatsa kawai. Ɗaga yatsan nan shi ne izinin a fara jera gwangwanayen kwaɓi a ciki. Baba ya taɓa sayo ma'aunin zafi mai allura ya maƙala a jikin tandar. Sati biyu abin ya yi yana gardama da hannun Kaka, kuma duk ranar da aka bi ta ma'aunin, burodi ya fito ko ɗanye a ciki ko baƙi kamar gawayi. Daga baya aka cire shi aka ba ƙanena ya yi mota da shi.

Duk da haka, da ka tambayi kowa a gidanmu a lokacin, cewa zai yi Kaka ba ya aiki a gidan burodi. Ziyara yake zuwa.

Ina ƙarama ya iso Maiduguri, lokacin da tashin hankali ya kore su daga ƙauyensu can wajen tafki. Ya bar gona, ya bar shanu, ya bar rumbu uku cike. Shekara guda ya yi a sansanin 'yan gudun hijira yana zaune wuri ɗaya kamar turmi, ba ya magana sai gaisuwa. Baba ya yi ta aika Mama ta roƙe shi ya dawo gidanmu, ya ƙi, ya ce ba a haife shi don ya kwana a gidan suruki ba. A ƙarshe ya yarda da ɗaki a Mafoni, wurin ɗan ƙanensa. Wata safiya ya zo gaishe da Mama, ya bi ta gidan burodi, ya ga wani saurayi yana lafta itace a tanda kamar mai ƙona bola. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi aikin tanda a wani gari ƙetaren ruwa. Ya ture saurayin ya karɓi sandar tona wuta. Tun daga ranar kullum bayan asuba sai ya iso, wai ya zo ganin jikokinsa. Mu jikokin kuwa muna makaranta. Yakan tafi bayan la'asar, fuskarsa jawur, girarsa cike da toka, ya gama ganin jikoki.

Wanda bai san surukuta irin tamu ba zai ɗauka Baba da Kaka gaba suke yi. In Baba ya hango shi, daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe da ƙasa. Kaka kuma ya amsa wa bango. Ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. Gidan burodin ƙofa ɗaya gare shi da farko, Baba ya sa aka fasa ta biyu ta baya don kada su yi karo. Ƙarshen wata Baba ya sa kuɗi a ambulan ya ba Mama, Mama ta ba ni, ni kuma in cusa a aljihun Kaka in ce kuɗin goro ne. Haƙoransa huɗu ne duka duka, biyu ma ba sa ga maciji da juna, rabonsa da goro tun kafin a haife ni. Amma haka ake cewa, haka yake karɓa.

Ni kam ba ni da wannan takunkumi, domin jika ce. Ina kiransa tsoho, yana kirana uwargida marar iya tuwo. Ina iya cire masa hula in gudu, ya bi ni da zagi cikin Kanuri, kowa ya yi dariya.

Sai aka fara maganar sabuwar dokar haraji a rediyo. Baba ya je taron masu gidajen burodi ya dawo da takardu da ciwon kai. Da can, in ji shi, mutum kan je ofishin haraji jefi-jefi, ya gaisa, ya biya, a ba shi rasit, ya sa a aljihu ya manta. Yanzu kuwa duk mai ma'aikata sai ya rubuta su kaf, kowa da lambar harajinsa da abin da yake ɗauka. Wanda albashinsa ya kai a cire masa, a cire, a tura wa gwamnati kafin ranar da aka yanke a kowane wata. In ka makara, tara. In ka ƙara wata, tarar ta haihu. In ka sake ƙarawa, 'ya'yan su ma su haihu. Baba ya ce bai taɓa ganin dabba mai albarka irin wannan ba, da akuya ce da ya saya.

Duk a waya ko kwamfuta ake cikewa. Baba yana iya karanta takarda, amma in ya taɓa waya sai ta koma wani yare ko ta kira wanda yake bin sa bashi. Saboda haka aka naɗa ni sakatariya, ina aji biyu na babbar sakandare, albashina gutsuren burodi mai zafi. Ma'aikata goma sha ɗaya na rubuta, daga shugaban masu kwaɓi, da direban motar rabo, har yaron da ke ƙulla leda. Na raka wasunsu suka karɓo lamba. Na ji kaina ya yi girma har hijabi ya fara matse ni.

Ana haka wata jami'ar haraji ta zo duba mu. Mace ce mai tabarau, 'yar kudancin jiha, da ƙaramin gicciye a wuya da jaka mai kama da ta malaman firamare. Ta yi sallama da Hausa mai laushi, ta gaishe da masu kwaɓi da "wushe", gaisuwar Kanuri, suka washe baki. Ta riƙe takardar da na buga tana ƙirga mutane da biro, ni ina biye da ita kamar jela. Da muka kai bakin tanda daidai Kaka ya zura hannu. Matar ta tsaya cak. Na ga bakinta ya ɗan buɗe, biron ya tsaya a iska. Ya zaro hannun lafiya lau, ya ɗaga yatsa, samari huɗu suka ruga da gwangwanaye.

Ta juya wurin Baba ta tambaya wane ne wannan a cikin goma sha ɗayan. Baba ya dubi silifas ɗinsa ya ce baƙo ne, ziyara ya kawo.

Ta ce, "Alhaji, na sha ganin baƙi, amma ban taɓa ganin baƙon da yake ɗaga yatsa gida duka ya ruga ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ja Baba gefe ta nuna masa ƙasan takardar, inda mai wuri zai sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne, bai bar kowa a waje ba. Ta ce duk wanda ke aiki ana ba shi wani abu a kai a kai, ko da wane suna ake kiran abin, sai ya shiga. Ta sayi burodi biyu da kuɗinta, ta ƙi karɓar kyauta, ta tare keke ta tafi.

Daga nan Baba ya maƙale. Shi mutum ne da ko ciniki yake ba ya cewa wallahi. Sa hannu a wurinsa rantsuwa ce, ba zai rantse cewa goma sha ɗaya ne ba alhali ya san sha biyu ne. Kuma ba zai iya rubuta mahaifin matarsa a jeri ɗaya da mai ƙulla leda ba, ya zama kamar ya shelanta wa duniya cewa surukinsa yaronsa ne. Ko da ma zai iya, sai Kaka ya je da ƙafarsa ya karɓo lamba, wa zai gaya masa? Sai Baba ya yi abin da mutanenmu suka fi iyawa in magana ta yi nauyi. Ya ce bari mu gani.

Muka gani. Ranar da aka yanke ta wuce. Takardar tara ta farko ta zo, na karanta masa, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin kalanda. Wata ya sake zagayowa, ta biyu ta zo, ta fi yayarta ƙiba. Kuɗin da aka cire wa direba da shugaban masu kwaɓi yana nan a ajiye cikin leda, Baba bai taɓa ko sisi ba, amma ba ya tafiya sai da takardar, takardar kuma ba ta tafiya sai da sa hannu. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya zama na mutum biyu. Kullum in na buɗe wayar na ce saura sa hannu kawai, sai ya tuna bai yi walha ba.

Ta uku ce ta zo da maganar cewa in aka ci gaba haka ana iya rufe wurin. A ranar Baba da Mama suka zauna a tsakar gida bayan la'asar, ni ina gefe ina tsince shinkafar da na riga na tsince sau biyu. Baba ya ce mutum goma sha ɗaya da iyalansu suna ci daga tandar nan, ba zai bari a sa mata kwaɗo ba. Mafita ɗaya ce: Kaka ya daina zuwa, sai lissafi ya zama gaskiya. Za a ci gaba da aika masa ambulan har Mafoni. Ya ce Mama ta je ranar Juma'a ta ce masa zafin wuta yana cin idonsa, ya kamata ya huta. Mama ta ce ta ga yadda ya zauna a sansani, in aka raba shi da tanda ba zai kai damina ba. Baba ya ce ya sani. Ranar Laraba ce.

Alhamis da na taso makaranta ban je gida ba, na wuce gidan burodi. Kaka yana ƙarƙashin dalbejiyar bayan gida yana shan iska, da kofin shayi a gabansa. Ya ce uwargida ta zo karɓar cefane ne, to yau ba ko albasa. Na ce ni na fasa auren ma, ba zan zauna da mijin da gwamnati ke nema ba. Ya yi dariya ya tambaya me ya sata. Da wasa na fara, amma ina buɗe baki maganar ta ƙwace mini kamar akuyar da ta ga ƙofa. Na faɗa masa komai: matar mai tabarau, sa hannu, tara mai haihuwa, kwaɗo, har da ciwon idon da za a ƙirƙira masa gobe.

Bai motsa ba. Ƙuda ya sauka a bakin kofinsa, ya sha, ya ƙoshi, ya tashi. Can ya tambaye ni wata nawa ke nan. Na ce uku. Ya tambaya su wa aka rubuta. Na lissafa masa.

"Har wancan mai majina, mai ƙulla leda?"

Na ce har shi, da lambarsa ma.

"Shi an rubuta shi," in ji Kaka. Ya juye sauran shayin a gindin bishiya, ya sa takalmi, ya tafi ba sallama.

Na koma gida. Na tabbata na kashe kakana da bakina, gobe za a zo a ce an same shi ya miƙe, kuma a makabarta kowa zai juyo ya dube ni. Mama ta zuba mini abinci na ce ina azumin nafila, ta ce azumin da ake farawa da magariba sabo ne a wurinta.

Da safe ina sa kayan makaranta aka yi sallama a ƙofa. Kaka ne, amma ba wanda na sani ba. Babbar riga ce fara a jikinsa mai aiki har ciki, ta sha guga, hula doguwa tsaye kamar hasumiya, turarensa ya riga shi shigowa zaure. A hammatarsa wani tsohon gwangwanin alewa, fentinsa ya goge. Ya aika a gaya wa Mama yana aron uwargida zuwa unguwa. Ranar muna da gwajin lissafi. Ban taɓa jin daɗin yi wa babba biyayya kamar ranar ba.

A keke ya ce wa direba ofishin haraji. Muka tarar da layi, 'yan kasuwa da masu makarantu da masu shagunan magani, kowa da fayil da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Kaka ya ratsa su a hankali, layin ya dare da kansa. Ya ce wa mai gadi yana neman yarinyar nan mai tabarau da ta zo gidan burodi. Da ta gan shi ta miƙe tsaye ta ba shi kujerarta, ta ce, "Baba, da kanku?"

Ya zauna. Ya ɗora gwangwanin a tebur ya ɓamɓare murfin da farce. Ni na ɗauka kuɗi ne, ko laya. Takardu ne, ƙanana, launin shayi, an ɗaure su dami dami da zaren saƙa. Wasu gara ta ci gefensu, wasu sun yi laushi kamar tsumma. Ya kwance damin farko ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya. Rasit ne na haraji da na jangali, wato harajin shanu, tun yana saurayi.

Ba ya karanta boko, amma ya san kowace da fuskarta. Ya taɓa wata ya ce wannan shekarar fari ce, sai da ya sayar da bijimi kafin ya biya. Wannan shekarar da aka haifi Mama ce, wannan kuma ruwa ya ci gero amma bai ci harajin ba. Ya ɗaga mafi tsufa da yatsu biyu ya ce ita ce ta farko. Ranar mahaifinsa ya tura shi ya tsaya a layi gaban bulama, mai garinsu, aka kira sunansa shi kaɗai ba a haɗa da na ubansa ba. Da ya dawo gida da takardar, a ranar aka fara shimfiɗa masa tabarma cikin manya. Ya ce daren da suka gudu daga ƙauye hannu biyu gare shi, ɗaya ya riƙe buta, ɗaya ya riƙe wannan.

Na waiga na ga ma'aikata sun bar teburansu sun kewaye mu, har da wani babba mai kwat da ya fito daga ɗaki mai sanyi. Wani saurayi ya miƙa hannu zai taɓa, mai kwat ya buge hannun. Ni da nake cire wa mutumin nan hula ina gudu, sai na ga na ja baya na tsaya kamar ɗalibar da aka kawo gaban shugaban makaranta.

Kaka ya dubi matar ya ce, da Hausarsa mai nauyin Kanuri, "'Yata, a garinmu mutum uku ne ba a karɓar harajinsu: yaro, da mahaukaci, da gawa. Tun da na zo garin nan ba wanda ya tambaye ni. Na rasa a cikin ukun wanne ne ni."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta jawo kwamfuta ta nemi katinsa na ɗan ƙasa, ya zaro daga aljihun ciki. Da ta tambayi sana'a na buɗe baki zan ce mai ba da shawara, don abin ya yi kyan ji. Ya riga ni, ya ce ta rubuta mai tanda. Ta tambayi abin da yake samu a wata, ya faɗi abin da ke cikin ambulan daidai, ba ragi ba ƙari. Ta danna nan ta danna can, takarda ta fito da lambarsa. Sai ta yi murmushi ta ce akwai albishir: a sabuwar dokar, mai ƙaramin albashi irin nasa ba a cire masa komai. Sunansa kawai ake buƙata.

Na ga hular Kaka ta ƙara tsawo.

"Wato gwamnati ta auna ni ta ga ban kai ba."

Ta yi ta bayani cewa sauƙi ne aka yi wa talaka, mai kwat ma ya sa baki. Kaka ya saurare su har suka gaji, sannan ya tambaya nawa mutum zai riƙa ɗauka kafin a ga ya isa a taɓa shi. Ta rubuta a 'yar takarda, ya ninke ya sa cikin hula. Ya tambayi maganar tarar surukinsa. Ta ce yafewa ba a hannunta take ba, amma da zarar an tura takardar za ta daina ƙaruwa, kuma Alhaji yana iya rubuta roƙo, sai dai ba ta yi alkawarin za a karɓa ba. Ya ɗaure rasitansa dami dami, ba gaggawa, duk ofishin yana jira, sannan muka fito.

Tun daga bakin layinmu muka jiyo ƙauri. Ranar farko ke nan cikin shekaru da aka gasa burodi ba Kaka, kuma abin da ya fito ko awakin unguwa sai da suka shinshina suka yi shawara. Baba yana tsaye cikin hayaƙi. Da ya ga babbar riga, ya ga takarda mai tambarin gwamnati a hannuna, ya dube ni. Na san da zai iya shiga buhun fulawa ya ɗinke bakin da ya yi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Kaka ya zauna a kan buhu, ya juya masa rabin baya. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, ni a tsaye a tsakiya.

"Uwargida, ki gaya wa ubanki," in ji Kaka, "tun watan farko na san goro bai yi wannan tsadar ba. Na yi shiru ne don kada in kunyata shi. Ashe shi ma shirun yake yi don kada ya kunyata ni, har gwamnati ta zo tana cin kuɗin shirunmu."

Na juya na maimaita, ko da yake Baba ya ji, masu kwaɓi sun ji, mai shayin tsallaken titi ma ya ji. Baba ya ce wa ƙasa in gaya musu su yafe masa, in ma tandar suke so gaba ɗaya tasu ce. Kaka ya ce in gaya masa ba kyauta ya zo nema ba, kyauta ya ci ta ishe shi. Ya ciro 'yar takardar daga hula ya ba ni. Albashi yake so, da sunansa na albashi, kuma ya kai wannan, ya ɗan haura kaɗan yadda gwamnati za ta sami abin kamawa.

Baba ya duba takardar, gumi ya keto masa. Ni kuma a matsayina na 'yar aike na ƙara gishiri, na ce Kaka ya ce in ba haka ba akwai gidan burodi a Shehuri da ke zawarcinsa. Kaka ya ce ƙarya nake yi, amma a bar ta a ciki. A nan na ga kafaɗun Baba suna rawa, kansa a sunkuye. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta kama shi, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Ya ce in ce ya yarda.

Kafin a tafi masallacin Juma'a na ƙara suna na goma sha biyu, Baba ya sa hannu, na tura. Roƙon da muka rubuta bai yi wani tasiri ba, sai dai an yarda ya biya tarar kashi kashi, injin kwaɓin da ya so saya a shekarar ya sha ruwa. Masu kwaɓi kuma da suka ji an yi wa tsoho ƙari, suka zo su ma a jere, kowa ya gano yana da kishin ƙasa yana son ya kai matsayin biyan haraji. Baba ya yi musu ɗan abin da ya samu, ya ce sauran kishin su ajiye sai baɗi.

Ƙarshen wata na buga takardar albashi. Abin da aka cire wa Kaka ko kifi ɗaya mai mutunci ba zai saya ba. Ya sa na karanta masa layin sau uku, ya ce in nuna masa da yatsa inda yake. Sannan aka kawo littafin da ma'aikata ke sa hannu. Sunansa ne a ƙarshe, ƙarƙashin na mai ƙulla leda. Na ce bari in sake rubutawa in kai shi sama. Ya ce a'a, shi ya shigo daga baya, a bar layi yadda yake. Ya riƙe biro da hannun nan da wuta ta ƙone wa gashi tas, ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, daga dama zuwa hagu, har ya shiga layin yaron. Yaron ya ce Baba kun ci mini fili. Kaka ya ce ya kai ƙara.

Yanzu matsalar Baba ta sake kama. Tun ranar ɗaya ga wata, kafin a hura wuta, Kaka kan tsaya a ƙofar ɗan ofishinmu ya fuskanci bango, ya tambaye ni da ƙarfi ko ubana ya tura rabon gwamnati. In na ce da saura kwanaki, sai ya ce shi ba a taɓa bin sa haraji ba, ba kuwa za a fara a gidan suruki ba, kuma ya san hanyar ofishin, ya san teburin yarinyar. Baba yana ciki yana ji, sai ya miƙo mini wayar ta taga. Jami'ar ta gaya mini a duk waɗanda take dubawa ba wanda ke riga mu turawa. Na gaya wa Kaka don ya ji daɗi. Ya ce in matsa daga bakin tanda, ina tare masa iska.